Farin da Ya Rage a Takardar Kaka

"...ai shi na ce maka, lafiya lau na tashi. Sai da ka yi sallama na ji kaina ya fara sarawa."

"Madalla. Ina gajiya?"

"Ga ta nan tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta tare mini haske. Matsa, Almakashi."

Ya matsa gefe. Almakashi shi ne sunan da kakarsa ta raɗa masa tun yana ƙarami, saboda dogayen ƙafafunsa sirara da ke buɗewa suna rufewa in yana sauri. Da ya girma ya zama mai aski, sai ta riƙa gaya wa mutane ita ta zaɓa masa sana'a. Shi kuma Tsohuwa yake ce mata, sai in yana neman wani abu a wurinta, sannan ta koma Amarya.

"Amarya, kin yi kyau yau."

"To, an zo roƙo."

Tana zaune inda ya saba samunta, gaban ɗan teburin da ke jikin taga, wanda aka cusa wa kwali ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ya daina rawa. Tabaranta a ɗaure da zare ta gefe guda. Ga gwangwanin madara cike da baƙin biro mai siririn baki, rabi duk sun ƙare amma ta hana a zubar. Ga takardar nan shimfiɗe, ta kusa cinye teburin. Hannunta na dama yana tafiya a kai sannu a hankali, kamar tururuwar da ta ɗauko kaya.

Wata takwas ke nan da ciwo ya taɓa mata ɓarin hagu. Ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo, har ya fi na da kaifi. Hannun ne ya yi nauyi ya ƙi tashi. Nas ɗin da ke duba ta ta ce kullum ta shimfiɗa shi a tebur, yatsu a ware, na awa guda. Don kada zaman ya gundure ta, sai ta ba ta takarda da biro ta ce, "Ki ja layi, ki ja wani kusa da shi. Kada ki tambayi kanki me zai zama. Ki dai riƙa numfashi a hankali." Tsohuwa ta ce wasan yara ne. Bayan mako biyu sai an kira ta sau uku kafin ta ɗago kai ta ci abinci. Jininta ya sauka, barci ya dawo, gidan ya huta da rabin faɗanta.

Matsalar ɗaya ce: ba ta san inda ake tsayawa ba. Takardar farko ta yi kyau har maƙwabta suna shigowa kallo, sai ta koma tana cusa layi tsakanin layi, har ta zama baƙi ƙirin. Ta biyu ta yi ta bi tana maimaitawa sai da biro ya huda ta wuri huɗu. Wannan ce ta uku, kuma ta yi alkawarin ta shagonsa ce. Jiya gwaggonsa, wadda ke zaune da ita, ta ja shi gefe ta ce ta ji tsohuwar tana cewa in wannan ma ta lalace, za ta juye gwangwanin a shara kowa ya huta. Shi kuwa bai manta makonnin farko ba, lokacin da take wuni tana kallon bango, ko zaginsa ba ta yi.

Ya leƙa ta saman kanta. Kusurwar sama ta dama ta fara duhu. Haka ta farko ta fara.

"Na zo ɗaukar kayana," ya ce.

"Ka ba ni ajiya ne?"

"Takardar nan. Mai gilashin da zai yi mata firam ya yanka katako tun makon jiya, jira kawai yake. Yau ƙarfe goma sha biyu zai rufe, ya samu aiki a wani gari, sai bayan wata guda."

"Allah ya kiyaye hanya. Ka gaishe shi. Yana da mata?"

"Yana da ita, kuma haƙoranta cikakku ne."

"Nawa ma cikakku ne. Wasu ne dai suka riga ni yin gaba."

"To ki ba ni kafin sauran su bi su."

"Ban gama ba."

"Haka kika ce wancan makon."

"Wancan makon ma ban gama ba. Ka ga ni ba na ƙarya, ba irin ku ba, da mutum zai shigo da kai lafiyayye ku ce masa minti biyar."

Ya ajiye jakar aikinsa a kan gado ya zauna a bakinsa. Gwaggo tana can tana wanke-wanke, ana jin ƙarar kwanuka.

"Tsohuwa, wata uku ke nan da na buga ƙusa a bangon shagona. Sama da kujera, inda duk wanda ya zauna zai gani. Mutane har sun fara rataya hula a jiki."

"To ka ga ta samu aikin yi. Ta fi ka."

"Jiya wani ya rataya jakar kifi."

"Shi ya sa na ji ka shigo da wani ƙamshi. Na zaci turaren da ka sayo mini ne."

"Kowa ya tambaya sai in ce matata ce take mini zane. Sun fara cewa ko dai matar nan ba ta sona."

"Sun fi ka hankali. Ni da ake layi a kaina? Jiya ma likita ya riƙe mini hannu har minti goma, ya rasa yadda zai sake."

"Bugun jini yake nema, bai samu ba."

"Ya samu. Da ya ji shi sai da ya cire tabarau ya goge."

Biro bai tsaya ba duk wannan magana. Almakashi ya bi shi da ido. Tana cika wani ɗan lungu da ɗigo-ɗigo, lungun da jiya yake fili yana numfashi abinsa. Ya ji kamar ya fizge biron, amma ya san in ya taɓa shi ya rasa takardar har abada.

"Wai ni me ma wannan ɗin yake nufi?" ya ce. "Ni gani nake kamar wayoyin wuta ne suka harɗe a kan turke."

"Idon mai aski. Ba abin da yake gani sai ƙeya."

"Nan kuma kamar taron tururuwa, an raba musu sukari an yi rigima."

"Danginka ne. Ga ka nan ma, wannan dogon mara kai."

Gaskiya kuwa ba abin da zai iya kushewa. Daga kusurwar sama layuka suka taso suna lanƙwasa kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa, suka shiga wata saƙa irin ta kwando, saƙar ta warware ta zama ƙananan ganyaye, ganyayen suka nutse cikin da'irori masu kama da ɓawon kifi. Ido in ya shiga ba ya son fita. Wuri ɗaya ne kawai biro bai taɓa ba, can ƙasa ta hagu: inda take shimfiɗa hannun nan mai ciwo. Wata uku yana kwance a wurin yana danne mata takarda, ita kuma tana zagaye shi da zane, tana shiga tsakanin yatsu tana fita. Yau hannun yana kan cinyarta, wurin ya fito fari fat.

"Saura me?" ya tambaya.

Ta nuna farin da gindin biro ba tare da ta kalle shi ba. "Makwancin malalacin nan. Tunda ya fara tashi, sai in shafe wurin. In na gama can sama zan sauko."

"Can sama ai kin gama shi tun watan jiya."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"Kai? Kai ne za ka gaya wa mutum ya gama?" Ta ajiye biron a karon farko, ta juyo gaba ɗaya, murna ta cika mata fuska. "Ke! Zo ki ji!" ta ƙwala wa gwaggo kira. "Mutumin da ya kwashe wa kawunsa gashin baki shi ke koya mini tsayawa!"

"Na ji, Inna," in ji gwaggo daga can, ba ta ko leƙo ba.

"Tsohuwa, shekara tara fa ke nan."

"Ko shekara casa'in ce. Bawan Allah ya zauna ya ce a ɗan daidaita masa. Gashin bakin da ya yi shekara ashirin yana kiwo. Ka taɓa dama, sai hagu ta fi tsawo. Ka taɓa hagu, sai dama ta fi. Dama, hagu, dama, hagu, mutum ya tashi kamar dafaffen ƙwai. Matarsa ta buɗe ƙofa ta ce, 'Maigidan ba ya nan.'"

"Wannan ƙari ne."

"Kyanwar gidan ma kwana uku tana ɓuya. Sati biyu yana magana da hankici a baki kamar mai mura."

"To ai shi ya sa na sani. Ni na ɓata guda ɗaya na koya. Ke kin ɓata biyu kina neman ta uku."

Ya ga maganar ta shiga fiye da yadda ya auna, ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Ta farkon ma gwaggo ta ɗauka gindin tukunya ce, ta kai ta wajen wanke-wanke."

"Ƙarya kake," ta ce, amma ba da ƙarfi ba. Ta ɗauki biron tana juya shi a yatsu. Wata mota ta wuce a titi, labulen taga ya ɗaga ya koma.

"Kai yaro ne," ta ce. "Naka aikin mutum yana tashi daga kujera ya karkaɗe riga ya tafi. Ni tun da na yi wayo ban taɓa yin aikin da ya ƙare ba. Ka yi shara, gobe ƙura ta dawo. Ka yi wanki, su sa su ɓata. Ka dafa, su cinye su miƙo kwano. 'Ya'ya ma ka raine su ka ce ka huta, su kwaso maka irinka su dire. Ba wanda ya taɓa ce mini an gama. Rana ce take faɗuwa, ko ƙarfi ya ƙare. To wannan ga rana ba ta faɗi ba, ga biro bai ƙare ba. Ta ina zan sani?"

Almakashi ya gyara zama a bakin gado. A shago ya koyi cewa in mutum ya fara irin wannan magana, inji ake ragewa, ba baki ake sa masa ba. Ya jira har ta gyara tabaranta ta yi tsaki, alamar ta ji haushin kanta.

"Amarya."

"Ba ni da canji." 

"Ba roƙo ba ne. Kin san abin da maigidana da ya koya mini aski ya yi mini bayan maganar kawu?"

"Da ni ce da na kore ka."

"Ya karɓe injin ya rataye. Ya ce in mai da hannuwana baya. Ya ce daga yau in na ji kamar na kusa, in daina kallon kan mutum, in kalli madubi. Ya ce kan da na yi minti ashirin ina sunkuye a kai, ba kai nake gani ba, gashi ɗaya-ɗaya nake gani, kuma gashi ɗaya-ɗaya ba ya ƙarewa. Amma a madubi sai in ga kamar wani ne ya yi askin, ni shigowata ke nan."

"Sai kuma me?"

"Sai ya ce in faɗi abin da ya rage da baki. In na iya faɗa, in je in taɓa wurin kaɗai. In ban iya ba, in cire wa mutum ƙyalle."

"Shi ya sa duk wanda ka yi wa aski yake fitowa kamar ɓera ya yi masa kwana?"

"Su suke dawowa da ƙafarsu."

"Neman sauran gashinsu suke zuwa."

Ya zuge jakar ya ciro madubin hannu, mai baƙin mariƙi, wanda yake nuna wa mutane ƙeyarsu da shi. Ya goge shi a gaban rigarsa.

"Kawo biron."

"Ka ci kanka."

"To sa shi a gwangwani."

"In sa, ka sace takardar ka ruga da waɗannan ƙafafun? Na san ka."

"To riƙe abinki, amma ki mai da hannun baya."

"Ni za ka tsare kamar ɓarauniya a ɗakina?"

"Minti ɗaya. In kin duba kin ce da saura, zan tafi in ce wa mai gilashi ya yi tafiyarsa. Ƙusar ma in cire ta in ba mai kifi."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ga ba wasa a wannan. Ta soke biron a ɗankwalinta, kusa da kunne, inda hannu zai kai da sauri.

Ya ɗauki takardar da hannu biyu, a hankali, ya kai ta ƙarshen ɗakin ya jingina a kan akwati, ya tokare ta da bango. Ya dawo ya juya kujerarta har ta ba takardar baya. Sannan ya tsaya a gabanta ya ɗaga madubin, yadda yake yi sau ashirin a rana.

"Kai! Wace ce wannan kyakkyawar?"

"Ba ita na ce ki kalla ba."

"Bari in gaishe ta tukuna. Sannu, yarinya. Me kike yi da wannan dogon banzan?"

"Tsohuwa, ta saman kafaɗarki."

Ya karkata madubin kaɗan. Ya ga lokacin da takardar ta shiga idonta, don bakinta ya tsaya a buɗe da sauran maganar a ciki.

Shi ba ya ganin abin da take gani, fuskarta kawai yake gani. Idonta ya tafi sama, ya gangaro, ya zagaya, ya dawo. Ya sake tafiya. Hannunsa ya fara gajiya amma bai motsa ba. Can gwaggo ta rufe famfo, gidan ya yi tsit.

"Wa ya yi wannan?" ta ce a hankali.

"Wata tsohuwa ce mai baƙin baki."

"Ta iya." Ta ɗan matso da fuska. "Wallahi ta iya. Ka ga yadda ruwan nan ya shiga kwandon? Ni ban san ya shiga ba."

"Ni ma sai yau."

"Matsa da shi ƙasa. Ƙasa, na ce, kai ko madubin ma ba ka iya riƙewa?"

Ya sauke shi kaɗan. Ta daɗe a nan fiye da ko'ina.

"Hannun ya koma dama," ta ce.

"Haka madubi yake."

"Na sani, ba yau aka haife ni ba." Ta ƙura wa madubin ido. "A tebur kwance yake kamar mataccen kifi. Nan kuwa a tsaye yake. Kamar wani ne a cikin taron nan ya ɗaga hannu."

Ya ɗaga ido ya dubi takardar da ke kan akwati. Daga nesa haka yake kuwa: baƙin zane ya cika ko'ina yana ta kai-komo, sai farin tafi guda, yatsu biyar a ware, ƙaramin ya ɗan karkace kamar nata, ya fito sarai a tsakiyar hayaniyar.

"Gaisuwa yake ko me?" ya ce.

"Irin wanda mai ba da hannu yake wa motoci ne." Ta ɗaga na damanta ta kwaikwaya, ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ji ɗan rainin hankali. Wata takwas bai tsinana mini komai ba, yau shi ke tsai da ni."

"To faɗi. Saura me?"

"Can sama."

"Me a can sama?"

"Wani abu dai."

"Wani abu ba aiki ba ne. Faɗi sunansa."

"Kai wai alƙali ne?" Ta sake duba kusurwar. "Ya ma yi yawa can ɗin. Wa ya ce ta ƙara ɗigon nan?"

"Ban sani ba, ban kasance a wurin ba."

"Da ta bar shi." Ta yi ƙwafa. "Amma ba laifi. In ta tsaya nan ba laifi."

"Sai farin. A shafe?"

Hannunta na dama ya tafi wajen ɗankwali ya taɓa biron. Almakashi ya mai da idonsa kan mariƙin madubi.

"Akwai abu ɗaya," ta ce. "Gefen ɗan ƙaramin yatsan. Layin bai haɗe ba, ga shi can a buɗe kamar bakin maƙwabciyarmu. Wurin da biro ba ya kaiwa ne in hannun yana kwance."

Ya je ya duba. Gaskiyarta: tazarar ba ta fi faɗin farce ba.

"Wannan aiki ne," ya ce. "Kin faɗe shi."

Ya dawo da takardar kan tebur, ya juya mata kujera. Ta zaro biron. Ta sunkuya, ta ja numfashi yadda nas ta koya mata, ta ɗora bakinsa inda layin ya tsaya, ta kai shi inda ɗayan yake jira. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba.

Biron bai koma ba. Ya tsaya a sama da farin tafin, yana ɗan lilo. Wurin fili ne mai faɗi, sumul, irin wanda biro yake so. Almakashi ya ga yatsunta sun gyara riƙo. Ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su, ya kama kallon kwalin da ke ƙarƙashin ƙafar tebur, yana karanta rubutun jikinsa kamar yau ya fara ganinsa.

Sai ya ji ƙas. Ta cije murfin da haƙoran gefe, ta tura biron ciki, ta jefa a gwangwani.

"Na gama," ta ce. Ta ɗan tauna kalmar kamar abin da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. "Na gama."

"Ban ji ba. Sake faɗa."

"Je ka wanke kunnenka, gashin mutane ya toshe shi."

"Gwaggo! Tsohuwa ta ce ta gama!"

"Ta gama me?" Gwaggo ta leƙo da kumfa a hannu.

"Ba ruwanki," in ji Tsohuwa. "Tsakanina da mijina ne. Koma."

Ya ciro kwalaye biyu masu faɗi da ya ɓoye a bayan ƙofa tun shigowarsa. Ta gan su ta kama haɓa.

"Au, da shirinka ka zo? Ɓarawo da buhunsa."

"Sau huɗu ina zuwa da su ina komawa."

Ya miƙa hannu zai ɗauki takardar, ta buge shi. "Kyauta ake ba mutum, ba ɗauka yake ba. Ba a koya maka komai ba a gidanku?"

"Ke kika raini mai koyarwar."

"Shi ya sa."

Ya zaci da dama za ta ɗauka. Sai ya ga na hagun ya taso daga cinya, a hankali, yana rawa. Ya hau tebur, ya ja jiki zuwa gefen takardar. Babban yatsa ya nemi ƙarƙashinta ya rasa, ya sake nema ya rasa. A na uku ya shiga. Takardar ta ɗago tana karkarwa kamar ganye, ta nufo shi.

"Da hagu za ki ba ni, Tsohuwa? Ina tarbiyya?"

"Shi ya yi zaman wata uku a kai, shi zai bayar. Karɓi kafin ya canja shawara."

Ya karɓa da hannu biyu, har da ɗan russunawa. Ta fashe da dariya, irin wadda ke nuna duk gurbin haƙoran da suka yi gaba, tana dukan tebur har gwangwani yana rawa.

"Ka ci ni, ɗan banza. Ka ci ni yau. Amma ka gaya wa masu hula, duk wanda ya rataya mini wani abu a kai, har gida zan bi shi."

Ya sa takardar tsakanin kwalayen, ya ɗaure da igiya ta tsaye da ta kwance. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Wani ne ya gaji da jira a ƙofar shago. Ya ce masa yana tafe, ya rataya jaka, ya waiga neman madubi. Yana kan cinyarta, ta dafe shi da hannun hagu.

"Madubina."

"Wane? Wannan nawa ne. Da me zan duba ta gaba?"

"Shi ke nan gare ni fa. In mutum ya ce in nuna masa ƙeyarsa?"

"Ka ce masa tana nan inda ya bar ta."

"Tsohuwa..."

"Ɗazu Amarya ce. Fita, ka tare mini haske."

Ya fita da kwalayen a hammata, yana tafe a karkace don kada su bugi ƙofa. Ya kai tsakiyar titi ke nan ya ji an tura taga.

"Almakashi! In za ka dawo ka taho da sabuwar takarda! Wadda ta fi wannan girma!"

Bai waiga ba, ya ɗaga mata hannu, yatsu a ware.

"Ni kake tsayarwa? Uban wa ya koya maka?"

Ya duba agogo. Sha ɗaya saura kwata. Mai gilashi yana bayan tashar mota, shago kuma yana wancan ɓangaren, ga mutum yana jira da kai a buɗe. Ya gyara riƙon kwalayen, ya buɗe ƙafafun nan nasa, ya tsallaka titi.